Yadda ake tsara ɗakuna a jirgin ruwan yawon shaƙatawa idan za ka tafi da samari da 'yan matan dangi

Abun da za ka fara sakawa a ranka tun kafin ka tsaya kallon hotunan jirgi kana sha'awa shi ne, yaron da ya kai shekara 18 ko 19 ko 20, wanda a tudu ya isa ya yi zaɓe ya buɗe asusun banki wani ma har ya yi aure, a wajen kamfanonin jiragen ruwa da yawa har yanzu yaro ne, ba za su ba shi ɗaki shi kaɗai ba. Nan ne mafi yawan masu tafiya da ɗan wa ko 'yar ƙanwa ko ƙanne suke tuntuɓe, mutum ya gama lissafinsa a ka cewa samari ɗaki ɗaya, 'yan mata ɗaki ɗaya, shi da iyalinsa ɗaki ɗaya, sai ya je kamawa kwamfuta ta ce a'a. Na sha tsara irin wannan tafiyar, kuma abun da na gane shi ne duk rigimar a kan takarda take, wato sunan wa aka rubuta a wane ɗaki, in ka gyara wannan tun kafin ka biya kafin alƙalami sauran mai sauƙi ne.

Kayan da za ka tanada tukunna

Fasfo ɗin kowa, ko aƙalla hoton shafin da ke da suna da ranar haihuwa. Ka duba ranar ƙarewarsa, ya zama yana da sauran wata 6 bayan ranar da za ku dawo, yawancin kamfanoni haka suke so.

Takarda da biro, ko shafi ɗaya a waya, inda za ka jera sunan kowa yanda yake a fasfo, ranar haihuwa, da dangantakarsa da kai.

Taswirar jirgin, wato zanen da ke nuna kowane hawa da lambobin ɗakunansa. Tana shafin kamfanin kyauta. Inda hali ka buɗe ta a kwamfuta, a waya lambobin ƙanana ne sosai za ka yi ta matse ido.

Dokar shekaru ta kamfanin da ka zaɓa, daga shafinsu su da kansu, ka ɗauki hoton shafin ka ajiye domin suna canza ta lokaci zuwa lokaci.

Wasiƙar amincewar iyaye ga duk wanda bai kai 18 ba kuma ba kai ka haife shi ba.

Katin banki mai aiki a ƙasar waje, da inshorar tafiya da ta haɗa da jinya.

Ejan da ya saba da harkar jiragen ruwa. In babu, lambar wayar kamfanin ta wadatar, amma ejan da tikitin jirgin sama kawai ya sani ba zai taimake ka ba a nan, gara ka kira kamfanin da kanka.

1. Lissafa shekarun kowa a ranar da jirgi zai tashi

Shekarun da ake dubawa su ne na ranar shiga jirgi, ba na ranar da ka biya kuɗi ba. A gaban sunan kowa ka rubuta shekarunsa a wannan ranar. Idan ƙaninka zai cika 21 ana saura kwana 2 a tashi, toh ya tsallake, babba ne. Idan kuwa sai a rana ta 3 cikin teku zai cika, a tsarin ɗakuna har a dawo ɗan 20 ne. Wani lokacin matsar da tafiyar da sati ɗaya kawai shi ke warware komai, shiyasa wannan matakin ya zo kafin zaɓen rana.

Bayan nan ka kasa su kashi 4: 'yan ƙasa da 18, 'yan 18 zuwa 20, 'yan 21 zuwa 24, sai masu 25 zuwa sama. Kashi na ukun nan, wato 'yan 21 zuwa 24, mutane suna mantawa da shi, za ka ga amfaninsa yanzu.

2. Duba inda jirgin zai tashi da dokar kamfanin

Abu 2 ne ke yanke hukunci, kamfanin da kuma tashar da jirgin zai baro. Jirgin da ya tashi daga Amurka, misali Miami ko Galveston ko Seattle, yawanci 21 ne shekarun babba. Wanda ya tashi daga Turai kamar Barcelona ko Southampton, sau da yawa 18 ne, ko da kuwa kamfani ɗaya ne.

Kamfanin Royal Caribbean misali, in daga Arewacin Amurka za a tashi sai ɗan 21 ne zai iya tafiya shi kaɗai, amma daga Turai, Asiya, Kudancin Amurka, Ostareliya da New Zealand 18 ya isa. Wanda bai kai ba dole a rubuta shi ɗaki ɗaya da wanda ya kai, sai dai suna ɗaga ƙafa ga yaran da ke tafiya da iyayensu ko waliyyansu in ɗakunan a haɗe suke. Ka lura da kalmar iyaye ko waliyyi, domin kawu ko gwaggo ba lallai ne su shiga ciki kai tsaye ba, wannan shi ne abun da za ka tambaya ƙarara. MSC ma haka tsarinsu yake, 21 in daga Amurka ne, 18 a sauran wurare.

Carnival nasu daban ne kuma ya fi kama mutane. Duk wanda bai kai 21 ba dole ya yi tafiya tare da ɗan uwa ko mai kula da shi da ya kai 25. Kaga kenan yaya ɗan 23 ba zai iya jan ƙaninsa ɗan 19 su tafi su biyu ba, shi kansa ya isa tafiya amma bai isa ɗaukar nauyin wani ba. Sai dai in akwai mai 25 ɗin a cikin tafiyar suna da sassauci, 'yan 18 zuwa 20 za su iya zama ɗakinsu ko ina a jirgin muddin an haɗa kamun nasu da na babban, manyan yara 'yan ƙasa da 18 kada nisansu da babban ya wuce ɗakuna 3, ƙanana kuma sai a jikinka.

Norwegian suna so duk wanda bai kai 21 ba ya kasance ɗaki ɗaya da mai 21, ko ɗakin da ke haɗe da nasa, ko wanda ke maƙwabtaka da shi bango da bango. Disney kuwa ɗan 18 babba ne a wajensu, amma duk ɗakin da ke da yaro ƙasa da 18 sai an rubuta mai 21 a ciki. Akwai kuma waɗanda ba sa ɗaukar 'yan ƙasa da 18 kwata kwata, kamar Virgin Voyages da Viking, kada ka ɓata lokaci a kansu in kana da 'yar 16 a cikin tawaga.

Ma'aurata da ba su kai shekarun ba ana ɗage musu dokar a Carnival da Royal Caribbean in sun nuna takardar aure. In a cikin danginku akwai amarya da ango 'yan 20, su taho da takardar ta asali, ba hoto a waya ba.

3. Raba mutane a takarda

Nan ne ainihin aikin. Bari mu ɗauki misali: kai da matarka, ɗan yayanka mai 19, ƙaninka mai 22, 'yar ƙanwarka mai 17, da 'yarka mai 20. Mutum 6 kenan, kuma jirgin daga Amurka zai tashi.

Abun da zuciya ke so shi ne ɗakuna 3, ku biyu a ɗaya, samarin a ɗaya, 'yan matan a ɗaya. Ɗakin samarin ba matsala a kamfanin da ke neman mai 21 a ciki, tunda ƙaninka 22 yake. Ɗakin 'yan matan ne ke da magana, 17 da 20, babu babba, kuma ɗaya daga ciki ba 'yarka ba ce. Hanyoyin fita 3 ne. Ko ka nemo ɗaki mai ƙofar tsakiya da naku ka saka su, ka tabbatar kamfanin ya yarda tunda akwai wadda ba 'yar cikinka ba. Ko ka zaɓi kamfanin da dokarsa ta ba da damar ɗaki kusa da naka ba sai an haɗa ƙofa ba. Ko kuma ku koma ɗakuna 2 masu cin mutum 3, uwargida da 'yan mata, kai da samari.

Ni a ganina wannan na ƙarshen ya fi kwanciyar hankali ga wanda tafiyarsa ta farko kenan, babu dokar da zai karya a kowane kamfani da ke ɗaukar yara, ya fi arha, kuma babu wanda zai tsaya yi maka tambayoyi a tasha. Aibinsa a bayyane yake, kai da iyalinka kun rabu tsawon tafiyar, kuma za ka sha hirar samari har 2 na dare. In aljihu zai ɗauka, ɗakuna 3 da biyu daga ciki ke haɗe ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar mutum ɗaya a ɗaki shi kaɗai ba a yi lissafi ba. Farashin da kake gani a talla na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum 2 za su kwana a ɗakin, wanda ya zauna shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum 2. Wasu jiragen suna da ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya amma kaɗan ne, da wuri suke ƙarewa, kuma ɗan 19 ba zai samu ba a inda doka ta ce 21. Idan adadinku 5 ne ko 7, ka cusa na ƙarshen a matsayin mutum na 3 a wani ɗakin, kuɗin na 3 da na 4 yawanci ya fi sauƙi.

4. Zaɓi irin ɗakin

Iri 4 ne: na ciki marar taga, mai taga da ba ta buɗuwa, mai baranda, sai babban masauki mai falo. Ga samari da 'yan mata na ciki ya wadatar wallahi, barci kawai ke kai su ɗaki, wuni suke a wajen ninƙaya da filin wasa da wurin abinci. Matsalarsa ɗaya duhu, in aka kashe fitila 12 na rana da 12 na dare duk ɗaya ne, sai ka ga yaro ya tashi azahar ya rasa karin kumallo ya rasa fita gari. Su saita ƙararrawa a waya.

Baranda kuwa ba na son ba wa yara su kaɗai. Wasu kamfanonin ma suna da iyakar shekaru a kai, kuma hawa kan ƙarfen baranda ko tsallakawa ta maƙwabci don ɗaukar hoto laifi ne da ke sa a sauke mutum a tasha ta gaba, wani lokacin har da waɗanda suka zo tare.

Ka san girman abun da kake saye. Ɗaki na yau da kullum bai fi murabba'in mita 15 zuwa 17 ba har da banɗaki. Gadaje 2 ne ƙanana da ake haɗa su su zama ɗaya ko a raba, ka faɗa musu a raba tun wajen kamu, in an manta mai gyaran ɗaki zai raba a ranar farko. Gado na 3 ko dai kujera ce da ake buɗewa, ko kuma wanda ke ɓoye a rufi. Wannan na rufin da yamma mai gyaran ɗaki zai zo da ɗan makulli ya murɗa, faifan ya sauko daidai saman gadon ƙasa da katifarsa da ɗan ƙarfen kariya a gefe, ya jingina masa tsani, da safe ya mayar. Wanda ke ƙasa in ya miƙe da sauri sai ya ƙume goshi, kuma tsanin yakan tare hanyar banɗaki. Yana da iyakar nauyin da yake ɗauka, in saurayin naku ƙato ne ka tambaya. Manya 4 a irin wannan ɗakin da banɗaki ɗaya abu ne mai yiwuwa na kwana 3 ko 4, amma na sati guda za a yi faɗa, musamman da yamma lokacin da kowa ke son wanka a tare.

5. Karanta taswira ka zaɓi lambar ɗaki da kanka

Buɗe taswirar, je hawan da kake so. Za ka ga dogayen layuka 2 na ɗakuna, ɗaya a gefen hagu ɗaya a dama, da wasu a tsakiya. A jirage da yawa lambobin da suka ƙare da 0, 2, 4, 6, 8 gefe ɗaya suke, masu ƙarewa da 1, 3, 5, 7, 9 suna ɗaya gefen. Ma'ana ɗaki 8204 da 8205 ba maƙwabta ba ne, wata kila sai ka zagaya ta wajen lif kafin ka je, maƙwabcin 8204 shi ne 8206. Kada ka yarda da lamba, ka ɗora yatsa a kan zanen ka gani da idonka.

A ƙasan taswirar akwai bayanin alamomi. Ɗakuna masu ƙofar tsakiya ana nuna su da 'yar kibiya mai kai biyu ko wata alama a bangon da ke tsakaninsu, masu cin mutum 3 ko 4 kuma da ɗigo ko tauraro ko alwatika, kowane kamfani da nasa. Ka bambance abu 3 in kana magana da ejan: masu ƙofa a tsakani, masu maƙwabtaka ba ƙofa, da masu kallon juna. Mutane suna cewa a ba mu ɗakuna a haɗe suna nufin na farko, a ba su na biyu. Masu kallon juna dabara ce mai kyau, ku a mai baranda, yara a na ciki da ke fuskantar ƙofarku taku 2 kacal, amma ka tabbatar kamfanin yana lissafa hakan a matsayin kusa.

Sai ka duba hawan sama da na ƙasa da naku. Kada ya zama ƙarƙashin wurin ninƙaya ko ɗakin girki ko saman gidan rawa, ƙarar jan kujeru da asuba ba ta barin barci. Hawan da ke da ɗakuna sama da ƙasa shi ne shiru. In akwai mai saurin jiri da tashin zuciya, tsakiyar jirgi a hawan ƙasa ƙasa ya fi rashin girgiza, can gaba da can sama su suka fi lilo.

Gargaɗi mafi girma a nan, akwai wani farashi mai rahusa da suke kira garanti, ka biya nau'in ɗaki su kuma su zaɓa maka lamba daga baya, wani lokacin ana saura 'yan kwanaki a tashi. Ga mutum biyu ba laifi. Ga mai tafiya da yara tarko ne, za su iya jefa ɗaya a hawa na 3 gaba ɗaya a hawa na 10 baya, kuma in tsarinka ya dogara da kusanci to ya rushe. Ka biya ƙarin ka zaɓi lamba. Haka nan ka ce a rubuta kada a ɗaga muku daraja ba tare da an tambaye ka ba, domin kyautar ɗaki mafi kyau tana iya raba ka da ɗakin 'yan matan.

Kuma ka kama da wuri. Masu ƙofar tsakiya kaɗan ne. Sannan ko da taswira ta nuna ɗaki na cin mutum 4, ana iya hana ka saka na 3 daga baya in adadin mutanen wannan sashen ya cika bisa lissafin kwale-kwalen ceto, saboda haka duk wanda ake tunanin zai je a saka sunansa tun farko.

6. Kama ɗakunan, a haɗa su, a ba ka a rubuce

Shafin intanet sau da yawa ba zai bari ka kama ɗakin da babu babba a ciki ba ko da doka ta yarda, sai ta waya ko ta hannun ejan. In ka kira ka karanto musu jerin nan naka ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi gaskiyar dangantaka, wannan 'yata ce, wannan 'yar ƙanwata ce. Kada ka ce duk 'ya'yanka ne don gudun dogon bayani, sunayen fasfo za su tona.

Kowane ɗaki da lambar kamunsa. Ka ce a haɗa lambobin wuri ɗaya, shi ke nuna yaran a ƙarƙashin kulawarka suke kuma shi ke sa a ba ku tebur ɗaya da lokaci ɗaya a ɗakin cin abinci. Daga nan ka nemi imel da ke ɗauke da sunan kowa, ranar haihuwa, da lambar ɗaki. Maganar baki ta wani a waya ba ta da amfani a tasha. In imel ɗin ya zo ka gwada shi da fasfo harafi da harafi.

Ka tambayi ranar ƙarshe ta cika kuɗi, takan kasance wata 2 da rabi zuwa 4 kafin tashi, da kuma dokar canza suna. Matasa ne, jarrabawa za ta iya faɗowa ko a kira mutum aiki. Yawanci ana yarda a sauya suna ɗaya muddin ɗaya daga cikin na asali ya rage a ɗakin, amma in wanda ya fasa shi ne babban da ɗakin ya dogara da shi, kamar ƙanin nan mai 22, dole ka sake tsari gaba ɗaya.

7. Biza da wasiƙar iyaye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka jera duk ƙasashen da jirgin zai tsaya ka duba abun da fasfo ɗin kowa ke buƙata, domin ko ba ku da niyyar sauka a wata tasha ana iya neman bizarta kafin a bar ku ku shiga. Misalin da ya fi cin mutane shi ne tafiyar Alaska daga Seattle, tana biyawa ta Kanada, galibi Victoria, saboda wata dokar Amurka ta 1886 da ta sa jiragen da ke ɗauke da tutar wata ƙasa sai sun taɓa tashar waje. Kenan mai buƙatar bizar Kanada sai ya nemo ta ban da ta Amurka. A Bahar Rum kuma in jirgin zai fita daga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ya dawo, misali ya leƙa Turkiyya, biza mai shiga sau da yawa za ka nema.

Wasiƙar iyaye ta ƙunshi sunan yaron, sunanka, sunan jirgi da ranaku, izinin tafiya, da izinin a yi masa magani in ta kama. Iyaye su sa hannu a gaban lauya mai hatimi, a haɗa da kwafin shaidarsu da takardar haihuwa. Wasu kamfanonin suna da nasu fom, in akwai shi za ka cike. Na taɓa ganin wani bawan Allah a layin shiga da 'yar ɗan uwansa, ma'aikaciyar ta dubi fasfo biyun ta ga suna ya bambanta ta nemi wasiƙa, babu, aka ja su gefe kan wasu kujeru yana ta kiran waya can gida dare ya yi, yarinyar na riƙe da jakarta tana cewa "Kawu ko in kira Mama ta ɗauki hoton katinta ta turo?", layi na ta wucewa ta gabansu.

'Yan 18 zuwa sama ba sa buƙatar wannan wasiƙar, su za su sa hannu a takardunsu da kansu.

8. Daren kafin tashi da ranar shiga

Ku isa garin tashar kwana ɗaya kafin ranar, jirgin ruwa ba ya jiran jirgin sama. Otal otal da yawa a Amurka ba sa ba wa wanda bai kai 21 ba ɗaki da sunansa, ka kama da sunanka. Ku je tasha tare ku shiga layi tare, takardu a hannunka ba cikin akwatin da za a karɓa a ƙofa ba.

9. Atisayen ceto da batun musayar ɗaki

Kowane ɗaki yana da wurin taruwa na gaggawa, an buga shi a katin kowa da bayan ƙofa. Wannan daga yarjejeniyar SOLAS ne ta kare rayuka a teku, wadda asalinta ya biyo bayan nutsewar Titanic a 1912, kuma bayan haɗarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012 inda mutum 32 suka rasu aka ƙara tsaurarawa, yanzu kafin jirgi ya bar tasha ko da barinsa nan take ake yin atisayen ceto. Yau a jirage da yawa bidiyo za ka kalla a manhaja sannan ka je wurin a duba katinka. Kowa sai ya je da ƙafarsa. In ɗakunanku sun yi nisa wuraren taruwarku za su iya bambanta, ka zaga da yaran kowa ya ga nasa.

Wannan ne ya sa nake taka tsantsan da dabarar da mutane ke yi, a rubuta miji a ɗaki ɗaya mata a ɗaya don cika doka, in an shiga a sauya wurin kwana. Ana yi sosai, kuma in ka je kantar kula da baƙi sukan ba da ƙarin katin buɗe ƙofa. Amma a rajistar jirgi kana nan inda aka rubuta ka, can za a neme ka in wani abu ya faru, kuma alhakin duk abun da aka ɓata a ɗakin yana wuyanka. In 'yan 19 da 20 ne masu hankali a ɗakin da ke jikin naku, ban ga aibu ba, ka sanar da kanta da mai gyaran ɗaki. In akwai 'yar ƙasa da 18 ko ɗakin na wani hawa daban, kada ka yi. Ko ma wane tsari ne ka karɓi katin ɗakinsu guda ka riƙe.

10. Kati da kuɗi

Ba a ciniki da tsabar kuɗi a jirgi, katin ɗaki shi ne makulli shi ne shaida shi ne walat. In ka ɗaura katin kowa a kan katin bankinka ba iyaka, ranar ƙarshe za ka sha mamaki, wasannin kwamfuta, lemo, hotuna, intanet, duk taɓa kati ne kawai. Ka je kanta a ranar farko a saka wa kowa iyaka, ko kuma wanda ya kai 18 a buɗe masa nasa asusun a zuba abun da aka yi niyya, in ya ƙare ya ƙare. Akwai tukwicin ma'aikata da ake cira kullum a kan kowane mutum, ka ninka shi da yawanku da kwanakinku tun a gida. Wayoyi kuma kowa ya saka a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha, layin cikin teku tsadarsa ba a magana, manhajar jirgin tana da wurin tura saƙo tsakaninku.

11. Abun da kowace shekara ta ba da dama a ciki da wajen jirgi

Kulob ɗin matasa a 17 yake tsayawa, ranar da yaro ya cika 18 an rufe masa ƙofa ko da ƙanwarsa na ciki. 'Yan 18 zuwa 20 sai su zama a tsakiya, sun wuce na yara, wasu wuraren manya kuma kamar sashen hutawa na Serenity a Carnival sai 21. Ka duba jadawalin ranar farko, akan shirya musu haɗuwa ta musamman. Shekarun sayar da barasa 21 ne daga Amurka, 18 a yawancin tafiyoyin Turai, gidan caca kuma galibi 18, kuma hanyar wucewa takan ratsa ta tsakiyarsa, saboda haka ka faɗa musu matsayarka tun a gida. 'Yan ƙasa da 18 a wasu jiragen akwai dokar kada a gan su a waje su kaɗai bayan 1 na dare.

Wajen sauka gari, a jirage da yawa wanda bai kai 18 ba sai da babba. Ɗan 19 kuwa na'urar ƙofa za ta bar shi ya fita ba tare da an tambaye ka ba, don haka dokar gida ce za ta yi aiki: ba mai fita shi kaɗai, kowa ya ɗauki hoton lokacin dawowa da lambar wakilin jirgi na wannan tashar da ke cikin jadawalin ranar, kuma a bi agogon jirgi, domin waya takan juya zuwa agogon garin da kanta a samu bambancin awa guda. Lokacin da aka ce kowa ya dawo yawanci minti 30 ne kafin tashi, ku naku ku mayar da shi awa ɗaya.